Fitilar da Na Rufe da Salatif

Shekarar da aka cire tallafin man fetur na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da safe ina kanikanci a garejina na Tudun Wada, da la'asar in ɗauki littafi da fensir in tafi makaranta.

Akwai wani Alhaji, ma'aikacin gwamnati, da ni kaɗai nake taɓa motarsa. Ƙaninsa ya kai ta Kano aka ɗora mata turbo, wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi da yake cusa wa inji iska don ƙarin gudu. Wata ranar Asabar ya kawo ta da hantsi, wata fitila ruwan lemo tana ci a gaban sitiyari.

"Injiniya, idon nan ya hana ni sakat," in ji shi. "Ga shi gobe zan je gona Kwadon."

Ni da kunne na koyi aiki. Na ɗora tsinin sukudireba a jikin inji, na kafa kunnena a ƙotar, na lumshe ido. Har yau ina jin sautin nan, kamar yayyafi a kan rufin kwano can nesa. Inuwar darbejiya tana yawo a kan gilashi. Na daɗe a haka, ban ji inda yake mata ciwo ba.

A layinmu akwai mai kwamfutar da ake jona wa mota ta rubuto damuwarta. Turanci take rubutawa, ni kuwa lokacin ina fama da haɗa baƙi da wasali. Na ji nauyin a karanta mini a gaban Alhaji. Sai na yi abin da na ga ana yi wa tasi, na yanko baƙin salatif na manna a kan fitilar.

"Ranka ya daɗe, lafiyarta lau. Tsegumi ne kawai da ita."

Ya yi dariya. "To, ka rufe mata baki ke nan."

Na manta turbo ba ya aiki sai mota ta ɗauki gudu, ni kuwa tana tsaye na saurare ta. Washegari ta mutu masa a hanyar Kwadon. Mai kwamfuta ya ce iska ta fi mai yawa, inji ya yi zafi ya cinye kansa.

Fistan biyu na cikin injin suka narke, turbo ya tafi, sai da aka canja inji ɗungurungum. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare kafin wannan, amma bai sake kawo mini mota ba.