Muryar Inna Mai Usur

Shekara goma sha tara ta yi tana tsare layi a tashar motocin jami'a. Ɗalibai suna ce mata Inna Mai Usur. Mijinta direba ne a wurin. Da ya rasu aka ba ta aikin, da shi ta raini 'ya'ya huɗu. Ga ciwon gwiwa, amma tsaye take wuni tana raba masu turereniya a ƙofar bas.

Ɗan ƙanwarta yana karatun kwamfuta a nan. Wata Asabar ya zo ya ce ana gasar kwana biyu, kowace ƙungiya ta ƙirƙiro manhaja, su kuwa wasan bidiyo suka haɗa a kan motocin makaranta.

"Inna, har da ke a ciki. Dole ki zo."

Ta yafa mayafin unguwa ta bi shi. Tun daga ƙofar zauren wari ya tare ta: zufa, safa, ragowar abinci a robobi ƙarƙashin tebura. Ta toshe hanci ta samu kujera.

Aka haska wasan a bango. Wani ɗan mutum yana gudu, ya keta layi, ya bangaje na gabansa, maki ya ƙaru. Sai ga wata ƙatuwar mata mai ɗingishi, usur a baki, tana bin sa. Zauren ya kwashe da dariya. Ta daure, ai ta saba da tsokanar yara.

Can ɗan mutumin ya faɗi gaban taya, lasifika ta ƙwalla ihu: "Tsaya! Wayyo Allah, tsaya!"

Muryarta ce, kuma ta san ranar. Bara wata ɗaliba ta zame a ƙofar bas, taya ta bi ta kan ƙafarta, har yau da sanda take tafiya. Ashe lokacin da Inna ke ihun nan, wani yana tsaye yana ɗauka da waya.

Alƙalan gasar suka ce a maimaita. Sau uku aka maimaita, wani har da buga tebur. Yawu ya cika mata baki.

Ɗan ƙanwar ya rugo ya kama mayafinta yana washe haƙora. "Inna, mu ne na biyu!"

"Ina kuka samo muryar nan?"

"Ai tana yawo a waya. Wasa ne fa."

"Ita mai ƙafar, kun gayyato ta ta taya ku dariya?"

Ya hau sosa ƙeya. Ta zare hannunsa daga mayafinta ta fice, sai da ta kai bakin kwata ta tofar.

Bayan kwana uku ya zo gida ya ce sun cire muryar, sun sa ƙarar hon.

"Wa ya ce ku cire?"

"Malaminmu. Wai za a iya kai mu ƙara."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki. "Tashi ka ba ni wuri, shara zan yi."