Baba Sito, Mai Jin Maganar Katako

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin a kunna inji a kamfanin kujerun nan, Baba Sito yana cikin katako. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kasa kunne. Wani ya bar shi ya wuce, wani ya jingine shi gefe. Kafintoci suna tsokanarsa wai sallama yake yi wa aljanun itace.

Bara manaja ya ɗauko wata ƙwararriya ta auna ilimin ma'aikata, ta sake tsarin aiki, a riƙa fitar da kujera sittin a rana maimakon arba'in. Ta raba fom. A gurbin "ilimi" Baba ya sa aka rubuta masa "babu". Ita kuwa ta ga ƙwanƙwasar nan tana cin awa guda kullum, ta soke ta. Aka ba shi wata uku ya tattara nasa ya nasa. Ranar, in ji matarsa, ko abinci bai taɓa ba.

Sittin ɗin ta samu. Amma kafin wata biyu kujeru suka fara dawowa, wata ta tsage, wata ta karkace. Abin ya ɗaure wa baiwar Allah kai, ita kuma ba mai girman kai ba ce. Ta same shi a sito.

"Baba, me kake ji in ka buga?"

"Ɗanye yana amsawa ciki-ciki, 'yata. Busasshe kuwa muryarsa garau."

"To me ya sa ka ce ba ka da ilimi?"

"Ilimi kika tambaya, ni kuwa ban shiga aji ba. Da cewa kika yi me na sani, da sai kin ƙaro takarda."

Sati uku ta yi a kan benci tana rubutu. Aka janye takardar sallama. Yanzu tun a bakin motar da ke kawo katako ake ƙwanƙwasawa ana saukewa, mutum huɗu ya koya wa. Sittin tana nan, ba mai dawowa.

Kai ne, Baba, aka ba ka sifili, ba ka yi zuciya ka tafi da saninka ba. Wallahi da ni ne, da ba su ji ko kalma ɗaya ba. Dattijon arziki, mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, wannan karon da kansa. Ku kuma, kowace ma'aikata tana da irinsa. Ku same shi tun yana nan, kuma ku iya tambaya.