Haruna Saura-Kaɗan da Tasar Karkade

Duk wanda ya san Haruna ya san ba ya zama a kan abu sai ya danna shi. In ya zo gaisuwa gidanku, kafin ya gama amsa lafiya ya riga ya dafa kusurwar angarib, gadon igiyar nan namu, da hannu biyu, ya danna, ya saki, ya tsaya yana kallon yadda igiyar gadon za ta dawo. Motar mutane a kasuwar Sinnar haka, amalanken jaki haka. An taɓa raka shi duba mara lafiya a Abu Na'ama, ya danna gadon da mutumin a kai, ya juya ya ce wa matar gidan rabin ciwon mijinta na gado ne. In kuwa ya zauna ɗin ma, ƙafa tana rawa, ido yana ƙofa. Shayi a tsaye yake shan shi. Ka tambaye shi komai, daga gyaran mota har biyan gaisuwar mutuwa, amsa ɗaya ce: "Saura kaɗan."

Ni taubashiyarsa ce, uwarsa Gwaggo A'i yayar babana ce, saboda haka ina da izinin faɗin abin da wasu za su rufe. Kuma ni na fi kowa shan wahalar motar nan, don haka ku bar ni in faɗa.

Motar daji ce, boksi, wato a-kori-kura, mai ja da ƙafa huɗu. Ya ƙara mata fallayen sifirin ya ɗaga ta sama, har sai mace ta taka bulo kafin ta hau. Da damina, lokacin da baƙar lakar nan tamu take haɗiye komai daga bakin hawasha, wato gonaki, har gari, motar Haruna kaɗai ke fita. Mai naƙuda, mai buhun riɗi, wanda maciji ya sara, duk shi ne. Yana wuce taraktar Usmanu ta kafe zai leƙo ya ce, "Usmanu, in aiko maka da matashin kai?" Amma da ta hau zalat, wato kwalta, sai asirinta ya tonu. Da ya ɗan taka ta sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannunsa, gaban motar ya riƙa neman gefen hanya, haƙoran fasinja suna haɗuwa. Maganin da ya samo shi ne ya daina hawa. Shekara da shekaru yana bin gefen zalat a cikin ƙura, ga hanya sumul a kusa da shi, yana cewa ta ragwaye ce.

Sai sunan Gwaggo ya fito a aikin hajji, ita da ƙanensa Sule. Nasa bai fito ba.

Kun san labarin gidanmu, don kusan na kowa ne a nan. Kakanmu ya taso daga yamma da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga ta shekara guda don ya haɗa guzuri, shekarar ta cinye sauran rayuwarsa. A nan aka haifi Gwaggo, a nan ta tsufa, bayanta ya lalace har ko tari ta yi sai ta riƙe ƙugu. Sule ya kawo zancen jirgin sama. Ta ce a'a. Ya kawo zancen bas zuwa Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa. Ta ce bas ba ya tsayawa don bayan tsohuwa. Da yake Haruna ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma yi masa magana kai-tsaye. Yana tsaye a gabanta yana juya makulli a yatsa, ta dube ni.

"Kulu, gaya ma mai motar ga, Baba ƙasa ya bar hanyar ga, ba sama ba. In shina iyawa shi kai ni bakin ruwa. In ba shi iyawa, kalas, shi ke nan, in zauna."

Tana nufin abin da ta faɗa. Daga nan zuwa Sawakin kuwa zalat ne zalla, ba gefen da za a bi, ga gangaren duwatsu mai kwana-kwana kafin a sauka teku. Ko dai motar ta koyi tafiya a kwalta kafin ranar jirgi, ko Gwaggo ta mutu ba ta ga Ka'aba ba.

Haruna ya ce, "Saura kaɗan."

Washegari ya zo gidana ya tsaya yana auna ni da ido, mijina na zaune.

"Baiwata, tashi. Ke da Inna nauyinku guda."

Haka na zama Gwaggo. Ya zaunar da ni a kujerar gefen taga, ya ɗora rabin buhun dawa a tsakiya, wai wannan ni ce, tunda ni zan raka ta. Ya miƙo mini tasa cike da karkade, wato zoɓo, jajir, ya ce in ɗora a cinya. Na ce ruwa fa? Ya ce ruwa yana bushewa ya yi ƙarya, karkade ba ya ɓoye laifi. Kuma wai dole in yafa farin tobi.

Gyaransa na farko, ya ce motar rauni gare ta, ƙarfi take so. Ya samo fallayen sifirin na tirelar tarakta ya ƙara mata. Muka hau zalat. Ban san lokacin da tasar ta bar cinyata ba, na dai ga karkade a gilashi, a rufi, a gemunsa. Na ciji harshena. Da muka shigo gari mata suka fito da salati, sun ɗauka hatsari muka yi.

Na ce, "Haruna, ka kashe Gwaggo."

Ya leƙa buhun dawa ya ce, "Amma ke kin tsira."

Daga nan ya daina cin abinci a zaune gaba ɗaya. Yau yana wajen makanikai a Sinnar, gobe yana kwance ƙarƙashin mota a ƙofar gida, ƙafafu kawai ake gani, su ma suna rawa. Ya cire fallayen tirela. Ya gano robobin da ke riƙe da sifirin duk sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe. Saya? Haruna? Ya yanka tsohuwar taya ya fafe su da wuƙar yankan takalmi, suka yi kwana kaɗan suka zube a hanyar Makwar, sannan ya je ya sayo na gaske yana gunaguni. Ya sauya musa'id, ƙarfen nan mai mai a ciki da ke hana mota tsalle. Ya ɗaura wani ƙarami a kwance a jikin sandar sitiyari don ya shanye kakkarwar. Kowane gyara sai an gwada, kowane gwaji sai da ni. Tobina ya tashi daga fari ya koma ruwan hoda, ya koma abin da ba shi da suna. Yara suka fara kirana Hajiya Karkade.

Gwaggo kuwa ta ɗaure kayanta tun da wuri, kullum tana zaune kusa da su. In na dawo sai ta kama gefen tobina ta duba, ta saki. Rannan dai ta ce, "Kulu, tambayi mai motar ga, ni da ita wa za ya riga kwantawa?" Na yi dariya, ita kuwa ta ci gaba da jan tasbaha. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ranar jirgi tana matsowa.

Tsalle ya ragu, amma gaban motar bai daina yawo ba. In an sha kwana sitiyari ba ya dawowa da kansa, sai an ja shi. Wata rana muna tsaye a bakin hanya, ya zagaya ta ya zagaya, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙarƙashinta. Ban taɓa ganin ya daɗe a wuri ɗaya haka ba.

"Kulu, tsawon ne."

"Wane tsawo?"

"Wanda na ɗaga ta. Shi ya karkatar da ƙafar gaba. Sai ta sauka."

Na san abin da hakan ke nufi. In ta sauka, ta zama mota kamar ta kowa, laka ta samu abinci. Ga damina a ƙofa, lokacin da yake cin kasuwarsa, lokacin da ake kiransa da girma. Na ce ya ƙara tunani. Ya ce ya gama, tun yana tsugune.

Ya sauke ta. Ya cire manyan tayoyin laka ya sa na kwalta, ya cusa wasu siraran ƙarafa masu bakin gatari a ƙarƙashin sifirin gaba don ƙafar ta koma mazauninta. Muka hau zalat. Ya taka, ya ƙara takawa, ya saki sitiyari da hannu ɗaya, sannan da na biyun. Na ce ya riƙe abinsa, ni ina da 'ya'ya. Motar ta miƙe ɗoɗar. Karkade yana ta kai-kawo a bakin tasa, bai zuba ba.

A hanyar dawowa ruwan farko ya sauka, muka kafe a bakin gari, a gaban kowa. Wa zai zo ja? Usmanu. Ya tsayar da tarakta, ya sauko a hankali, ya buɗe akwatin kayan aiki ya fito da matashin kai. Ashe shekaru yana yawo da shi.

"Ya zol, mutumina, ga saƙonka."

Haruna ya karɓa, ya danna shi da hannu biyu, ya ce, "Tamam, ya yi. Inna na buƙata." Da shi aka tokare bayan Gwaggo har Sawakin.

Tun daga ranar motar ba ta ƙara shigowa gari ba, a bakin zalat ya ajiye ta, ya kafa rumfa ya tare a can. Ranar tafiya maza suka ɗauki Gwaggo a kan angarib, suka ratsa laka da ita har inda motar take, shi yana gaba yana baya yana yi musu faɗa kan yadda suke taka ƙasa. Aka zaunar da ita a wurina, na koma wurin buhun dawa, Sule yana baya da kaya.

Tafiya ce mai tsawo, mun yada zango a hanya, ba zan gajiyar da ku ba. Abin da nake tsoro shi ne gangaren duwatsun nan. Da muka iso, ga manyan motoci suna ta huci, ga rami a gefe, Haruna ya damƙe sitiyari da hannu biyu. Yana shiga kwana, sitiyari yana dawowa da kansa, ya shiga wata. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Na juya in riƙe Gwaggo, na tarar kanta yana kan kafaɗata, tana barci da baki buɗe.

Sai da muka tsaya, iska mai gishiri ta shigo, ta farka. Ta gyara lulluɓi.

"Kulu, tambayi mai motar ga, yaushe za mu kai wurin duwatsun da anka ce?"

Na nuna mata gaba. Ta daɗe tana kallon ruwan, ruwan da ubanta ya taso dominsa bai gani ba. Sannan ta ɗan leƙo ta gabana, ta dubi ɗanta ido da ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

"Allah shi yi maka albarka."

Haruna ya kifa kai a kan sitiyari. Ƙafarsa ma ta daina rawa.

Ni a bas na dawo, don ya ƙi tahowa. Ya ce sifirin ya saba da nauyin Inna, in ya komo ba ita zai lalace. A Sawakin ya zauna har suka gama aikin hajji, yana danna motocin mutane a bakin tasha, har wani ya kusa kai masa duka. Ya dawo da ita kamar yadda ya kai ta. Bai sake ɗaga motar ba, ko bayan rasuwar Gwaggo. Damina ta koma hannun Usmanu. In an ce, "Haruna, kai fa yaushe za ka haye?" sai ya ce, "Saura kaɗan." Sunansa bai taɓa fitowa ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, ko a nan bai iya zama ba. Ina cikin mata a tsakar gida aka shigo da angarib ɗin da za a ɗauke shi. Sule ya ajiye, ya tsaya, sai kawai na ga ya dafa kusurwar da hannu biyu ya danna, ya saki, yana kallon igiyar. Bai ma san ya yi ba. Dariya ta kuɓuce mini a gidan mutuwa, na toshe baki da tobi, daga nan ban san inda ta koma kuka ba. Sule ya ce a kawo wani, wannan ƙafarsa ta hagu ta gaji.

Tasar tana nan a ɗakina, jan bai fita ba. Ina kewar taubashina, wallahi ina kewarsa. Ya Allah, ya kai uwarsa bakin ruwa shi bai haye ba. Ka yafe masa, Ka sauƙaƙa masa sauran hanyar, Ka ƙetarar da shi ba tare da girgiza ba, Ka ba shi wurin da zai zauna ya huta. Amin.