Rairayin Malam a Kan Leda

Jiya ina kakkaɓe akwatin littattafai na tarar da wata leda mai kama da gilashi, sai malamin da ya koya mini ajami ya faɗo mini a rai.

Shekarar da zai rasu na raka shi wani shago a Sabon Garin Gusau, injin kwafi ya buga waƙarsa ta wa'azi a ledar, da rubutun hannunsa. Ta fito tawada ɗanya tana ƙyalli. Kafin mai shago ya ankara, Malam ya kwance ƙullin rairayi ya barbaɗa, yadda ya saba busar da rubutu.

"Kai, Baba! Leda ba ta shan tawada, ka ɓata ta!"

Malam ya yi dariya. "A bar mini abata haka nan."

Takardar asali ta ƙone tare da gidansa ranar da 'yan bindiga suka sa muka gudo daga ƙauyenmu na yankin Tsafe. Ledar kaɗai ta rage a hannuna, ita ma laimar damina ta narkar da baƙaƙen. Na ɗaga ta a rana, ko baiti ɗaya bai karantu ba, ni kuwa ban haddace ba. Rairayin kawai nake ji a yatsana.

Allah Ya haskaka kabarinka, Malam. Ya yafe mini sakacina.