Hasken da Ya Taho daga Magariya

Hambali Tamu mutumin Waca ne, kuma kafin ya san wani abu wai shi fibar, gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa. Ba shi da yawan magana, yatsunsa sirara, idonsa kuwa Allah ya yi masa baiwa. In aka kawo masa agogo, buɗewa kawai yake yi ya ce ga inda ciwon yake. Yana ji da wannan ido nasa, har ya so ya wuce gona da iri.

Da wayar hannu ta kashe kasuwar agogo, sai ya shiga leburancin haƙa ramin fibar daga Damagaram zuwa Magariya. Wata rana shef, wato shugaban aikin, Dikko, ya tarar da shi yana cire wa wani lebura ƙaya da allura. Ya tsaya ya kalle shi, ya ce wannan hannu ba na diga ba ne. Daga nan aka koya masa haɗa zare.

Zaren nan, wato fibar, na gilashi ne, kaurinsa kamar silin gashi, haske ke gudu a cikinsa ɗauke da maganar mutane da hotunansu. Darasin farko da aka ba shi shi ne zare biyu ke aiki, shuɗi na kai saƙo, mai ruwan lemu na dawo da amsa. In ka kashe na'urarka, shuɗin ya zama duhu, kana iya duba bakinsa da madubin ƙara girma. Shekara tara yana haka tsakanin Magariya da Dungas, ba a taɓa mayar masa da aiki ba.

Sai aka kawo sababbin na'urori. Yanzu zare ɗaya ke kaiwa ya kuma dawo, haske biyu suna wuce juna a cikinsa, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. An tara ma'aikata a Damagaram an yi musu bayani, Hambali yana wurin, ya ji da kunnensa. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Shi ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi.

Wata Laraba da hantsi rezo, wato sabis ɗin waya, ya riƙa yankewa a Dungas. Hambali ya shiga ɗakin na'urori, ya kashe tasa, ya zare shuɗin, ya kafa madubi a idonsa na dama yana neman datti. Na'urar Magariya kuwa ba wanda ya kashe ta, haskenta na tahowa. Bai ji zafi ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsanakinsa ne ya cuce shi, don mai garaje da ya leƙa ya janye, shi kuwa ya daɗe yana dubawa. A kan moto, wato babur, yana komawa gida ya ga wani tabo toka-toka a tsakiyar hanya, duk inda ya juya yana nan.

Likitan ido a Damagaram ya ce tsakiyar idon ce ta ƙone, ba ta dawowa. Hambali ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai faɗa wa kowa ba. Yara huɗu gare shi, hatsin gonarsa ba ya kai su bazara, kuma ya san ba a barin mai ido ɗaya kan zare. Matarsa Mas'uda ce ta lura, ranar da ya zuba shayi gefen kofi.

"Malam, idon nan lafiya?"

"Gajiya ce," in ji shi. Ta goge tabarmar, ba ta ƙara tambaya ba.

Wata biyu ya yi yana ɓoyo. Yakan karkata kai ya yi aiki da na hagu, haɗin da yake gamawa kafin shayi ya huce yanzu sai ya sake shi sau uku. Tsoro ya ramar da shi.

Ranar kasuwar Guci aka tura shi can gyara tare da Rabilu, abokin aikinsa, magidanci mai ƴaƴa shida. Hambali na kwance kaya ya waiwaya, ya ga Rabilu ya zare shuɗin yana ɗaga madubi zuwa fuskarsa. Ya kai masa bugu a hannu, madubin ya faɗi ya fashe.

"Haba Malam Hambali, ai na kashe na'ura."

"Ta can fa?"

Rabilu ya yi dariya ya ce duk ƴan aikin haka suke yi, waye aka taɓa gani ya makance? Har suka koma Magariya Hambali yana lissafa ƴan aikin a zuci. Su bakwai ne, kowa da madubinsa, kuma ba mai dainawa sai ya ga wanda abin ya sama.

Ranar Litinin, bayan Dikko ya gama rabon aiki a biro, wato ofis, Hambali ya miƙe. Ya ajiye takardar likita a kan tebur, ya faɗi ranar da wurin da yadda aka yi, bai ɗora wa kowa laifi ba. Wani ya ce ai idon nasa garau yake. Sai Hambali ya sa tafin hannu ya rufe na hagu, ya fuskanci shef.

"Shef, ina ganin hularka, ina ganin kafaɗunka. Fuskarka ce babu."

Dikko ya daɗe yana karanta takardar da ba ta wuce layi biyar ba. Da ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka san abin da doka ta ce."

"Na sani," in ji Hambali. Ya jawo akwatin kayan haɗa zare, ya goge murfinsa da hannun riga, ya tura shi gaban Rabilu.