Sunan da Munzali Rakoda Bai Naɗa Ba

Munzali Rakoda ɗan Zango ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe makirfo ko ya tsaya gaban kyamara daga Daura zuwa Kongolam ya san shi. Shekara ashirin da biyar ya yi yana rubutu a kan mawaƙa da 'yan fim. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ya yi ta maimaita ta har ta gundiri mutane: abin da ba a naɗa ba, bai faru ba.

Shi ne ɗan farin Hajiya Barakatu mai kiɗan ƙwarya. Da aka yaye shi, Iya, kakarsa ta wajen uba, ta ɗauke shi. Auren ya mutu, Barakatu ta koma Daura ta yi wani, ta haifi huɗu, ta yi suna a gidajen biki. Mace ce irin ta da. Ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, in an ce ɗanki ya zo sai ta kau da kai. Kunya ce, kowace uwa ta zamaninta haka take yi, kowa ya sani. Munzali ma ya sani sarai. Yarda ce dai bai yi ba.

Tun yana makaranta yakan laɓe a bakin taron biki ya ji tana ambaton mutane cikin waƙa: amarya, uwar amarya, direban da ya kawo su, har mai tallan fura. Shi kuwa in ta aiko da rigar Sallah, saƙon shi ne a ba yaron gidan Iya.

Da ya gama sakandare ya kama aiki a shagon kaset a Kongolam, yana tura wa direbobi waƙoƙi. A nan ya sayi 'yar rakoda, daga nan kuma ya fara aika labarai wata mujallar fim a Kano. Ya iya zama da mutane, wannan kam ba a hana shi. Zai yi dariya da kai, ya ci tuwonka, rakodar tana juyawa a aljihu. Wata 'yar fim, Khairunnisa, ta gaya masa cikin amana tana da farfaɗiya. Ya buga a bangon mujalla, ba daraktan da ya sake kiranta. Wani tsoho mai garaya a garin Babban Mutum ya yi suɓutar baki ya ce ƙanensa ke tsara masa waƙa, Munzali ya sa a littafin tarihinsa, wa da ƙane suka mutu ba sa gaisawa. In an tare shi sai ya ɗaga kafaɗa.

"Ni na faɗa? Ga muryarsa nan, a saurara."

Littafi uku ya rubuta a haka. Na huɗu ya ce na mahaifiyarsa ne.

Baiwar Allah ta yi murna. Ta riƙa gaya wa 'yan amshinta wai yaron gidan Iya zai sa ta a takarda. Kwana arba'in yana zuwa, tana ba shi labari tana kallon bango. Kullum da hannunta take yi masa dambun zogale, ta turo kwanon gabansa ba ta dube shi ba. Shi ba dambun yake gani ba. Bakinta yake kallo. A rana ta ƙarshe ya matso da rakodar.

"Hajiya, 'ya'yanki nawa?"

"Akwai Sadiq, da Anwar, da Zulfa, sai auta Adama."

"Su ke nan?"

"Kai fa ka cika fitina. Ci abincinka."

"A matsayin ɗan jarida nake tambaya."

"To ɗan jaridar ya san amsa."

Ranar ƙaddamar da littafin, ɗakin taro a Daura ya cika. Ta zo da sabon leshi, 'yan amshi na biye, aka zaunar da ita a gaba. Munzali ya hau, ya sa aka kunna wannan hirar a lasifika, kowa ya ji sunaye huɗu. Sannan ya karanta kan babi na ƙarshe: "Uwar da ta manta ta haihu." Ya sauko, ya kai makirfo bakinta.

"Hajiya, ga jama'a shaida. Yaya sunana?"

A ransa ya tabbata yau dole ta faɗa, don ya toshe mata kowace ƙofa. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, samari suka ɗaga wayoyi. Matar da ta yi shekara talatin tana cika fili da murya ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta tashi ta fita, takalminta ɗaya ya zauna a ƙarƙashin kujera.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga. Yaran da ko wankin kansu ba su iya ba suka yi ta zaginta a waya, wai muguwar uwa. Wasu kuwa iyayensu mata ba su taɓa kiran sunansu ba, amma da su aka yi zagin, Allah wadai. Barakatu ta raba ƙoren kiɗanta ga 'yan amshi, ba ta sake zuwa biki ba, ko na jikarta. Littafin kuwa ya fi sauran ukun tafiya. Munzali ya yi ta yawo gidajen rediyo yana cewa shi gaskiya ya bi, ba jini ba.

Bayan shekara biyu ta rasu, ranar Talata da hantsi. Yana Kano wajen wata hira, bai sami jana'iza ba. Ranar sadakar uku, Zulfa, ƙanwarsa da ta yi jinyar, ta kira shi zaure.

"Yaya, ta kira ka."

"Ta ce a kira yaron gidan Iya?"

"A'a. Sunanka ta faɗa. Sau uku, muna zaune."

Ya matso kusa da ita. "Wa ya ɗauka? Ke? Anwar? Ba wanda ya kunna waya?"

"Uwarmu tana cikawa mu tsaya ɗaukar murya? Ka ɗauka kowa irinka ne?"

"To yaya ta faɗe shi? Da ƙarfi? A hankali? Zulfa, don Allah maimaita mini yadda ta yi."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ai kai ka koya wa duniya, Yaya. Abin da ba a naɗa ba, bai faru ba. Ka ɗauka ba ta faɗa ba." Ta shige cikin gida.

Ya bi Sadiq, ya bi Anwar, ya durƙusa wa Adama. Duk bakinsu ɗaya: ba su ji komai ba. Har yau bai san ko Zulfa gaskiya ta gaya masa ba, ko ramuwa ce.

Bai sake rubuta littafi ba. Yana nan Zango, a ɗakin Iya, kaset har rufi. An ce ya taɓa kai wa wani mai sutudiyo a Daura muryarta, ya sa a yanko gaɓa uku daga wurare daban-daban a liƙa su su ba da sunansa. Da aka kunna, abin da ya fito ba muryar uwar kowa ba ce. Ya ce a goge.

Yanzu in ka wuce ƙofar da rana za ka ji rakoda. Wuri ɗaya yake mayarwa, ya sake mayarwa: "Kai fa ka cika fitina. Ci abincinka."