Ranar da Muka Je Ramin Wahba

A shekarata ta biyu ta karatu a Makka, hutu ya zo, abokan ɗakina uku duk suka tafi gida. Ni kuwa iƙamata, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, ba halin fita ƙasar. Na zauna ni kaɗai a ɗakinmu na unguwar Rusaifa, daga Harami sai ɗaki. Wani lokaci sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da sallama.

Akwai wani dattijo direba a ƙasan benenmu. A unguwar Nakkasa ta nan Makka aka haife shi, kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa har bakin teku. Shi bai taɓa ganin Najeriya ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Wata Asabar bayan sallar Asuba ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ya waladi, zaman nan zai sa maka ciwo. Yalla, shiga mota in nuna maka inda ƙasa ta taɓa aman wuta."

Muka hau duwatsun Ɗa'ifa, muka miƙa cikin sahara. Da hantsi ya tsaya a wani tsohon tafki da aka gina da duwatsu tun zamanin halifofi, domin mahajjatan da ke tahowa daga Iraƙi. Matakala ce ta zagaye shi har ƙasa. Babu ko ɗigon ruwa, sai yashi da kashin raƙuma. Na sauka na tsaya a tsakiya, na yi gyaran murya don kawai in ji motsin mutum.

Dattijon yana zaune daga sama. Ya ce, "Kakana ta teku ya shigo, ba ta nan ba. Amma duk inda na ga matafiya sun sha ruwa, shi nake tunawa."

Daga nan ƙasar ta koma baƙa ƙirin, duwatsu kamar gawayin da aka zubar. Muna tafe, sai ga ramin Wahba a gabanmu, makeke, gindinsa fari fat da gishiri. Iska tana kaɗawa har rigata na neman tashi. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba. Na ciro waya in kira mahaifiyata, babu sabis. Na ɗaga ta sama, na matsa can, na dawo nan, shiru.

Muka zauna a inuwar mota muna cin gurasa da shayi. Nan ya gaya mini an rushe gidansu na Nakkasa, maƙwabta sun watse, 'ya'yansa kuma in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

"Yaya kuke cewa burkan a can?"

Na ce, "Dutse mai aman wuta."

Ya maimaita sau biyu a hankali. Sannan muka tattara kayan shayi muka kama hanya.

Ana kiran Isha muka shigo Makka. Na hau ɗaki na kira mahaifiyata. Na fara ba ta labarin ramin, sai na ji maganar ba ta kai abin da na gani ba. Ta saurara, ta ce ikon Allah, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci.